Sunayen sojojinmu da suka kwanta dama a bakin daga: wa zai riƙe su?

Baban Sadiya, Kusiri:
Assalamu alaikum iyayena da 'yan'uwana na wannan zaure. Ina neman izinin manya in kawo wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. A tsakiyar watan Janairun 2015 ina cikin mutanen da suka tsaya bakin titi a nan Kusiri muna kallon jerin motocin sojojin Cadi suna tsallako gadar Ngeli zuwa Kamaru za su nufi Fotokol, mata na guɗa, yara na bin motoci da gudu, wasu na miƙa musu ruwa da dabino. Har yau ina ganin wani saurayi a bayan mota, rawani ya rufe masa fuska sai idanu, ya ɗaga mini hannu ni ma na ɗaga masa. Ba a yi mako uku ba aka gwabza da 'yan Boko Haram a Gamboru da Fotokol, kuma ban taɓa sanin ko yaron nan ya koma wurin uwarsa ba, domin rediyo adadi yake faɗa, ba ya faɗar suna.

Shekara guda bayan haka abin ya shigo gidanmu. Ƙanena da ke bi mini soja ne a rundunar Kamaru, motarsu ta taka nakiya a wata hanya kusa da iyaka. An kawo mana shi cikin akwati lulluɓe da tuta, an busa bigila, an yi jawabi, an ɗora masa lambar girma, kuma ban raina ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne jakarsa da aka miƙo mana daga baya, wadda muka samu carbinsa a ciki, da ƙaramar rediyo, da kwalin shayi da aka sha rabi, da takalmin yarinya sabo fil a cikin leda, wanda ya saya wa ɗiyarsa yana jiran hutu ya kawo mata. Yau idan ka fita unguwarmu ka tambayi samari sunansa, da wuya ka samu biyu da za su faɗa maka.

Shawarata ita ce mu Hausawan Kusiri da Injamena da Marwa da Garwa da Mora mu buɗe littafi guda, mu rubuta sunan kowane soja na unguwanninmu da ya rasu a bakin aiki, da sunan mahaifinsa, da garinsu, da inda ya faɗi, da shekarar. Sannan mu riƙa haɗuwa sau ɗaya a shekara a yi musu saukar Alƙur'ani. Ina son jin ta bakinku.

Hajiyar Garwa:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan ƙanenka, ɗana, ya raya abin da ya bari. Maganarka ta sa na tashi na jawo akwatin ƙarfen kakanmu daga ƙarƙashin gado. A cikinsa akwai lambobi biyu da suka yi tsatsa, da ɗan littafin soja da gara ta ci gefensa, da hoto guda na mutum uku sanye da jar dara da gajeren wando. Na tsakiyan shi ne kakanmu, wanda ya dawo daga yaƙin Jamus da rauni a cinya. Na hagu da na dama ba su dawo ba. Yana kiransu da suna duk lokacin da ya idar da sallar asuba, amma mu muna yara ba mu riƙe ba, kuma babu wanda ya rubuta a bayan hoton. Yanzu fuskokinsu na hannuna, sunayensu sun tafi tare da shi. Saboda haka ni ina goyon bayan littafin nan, kuma ina roƙon kada a tsaya kan yaƙin yanzu kawai.

Malamin Tarihi, Injamena:
Hajiya, Allah ya ƙara girma, hoton da ke hannunki shi ne tarihinmu gaba ɗaya. Ga wanda bai sani ba, lokacin da Jamus ta mamaye Faransa a 1940, Cadi ce ƙasa ta farko cikin waɗanda Faransa ke mulka a Afirka da ta bi Janar de Gaulle, wanda ya ƙi miƙa wuya ga Jamus, ranar 26 ga Agusta, a ƙarƙashin gwamna Félix Éboué, washegari kuma Leclerc, hafsan de Gaulle, ya karɓi Duwala, Kamaru ta biyo baya. Daga wannan gari namu, da ake kira Fort-Lamy a lokacin, aka shirya rundunar da ta bi ta Faya ta keta hamada har Kufra a ƙasar Libiya, tafiyar da ta haura kilomita 1,500. Ba su fi mutum 400 ba, kuma mafi yawansu 'yan Afirka ne. Sun karɓe Kufra daga hannun Italiya ranar 1 ga Maris 1941, washegari Leclerc ya sa suka yi rantsuwar cewa ba za su ajiye makami ba sai tutar Faransa ta tashi a kan babbar majami'ar Strasbourg, garin da kakanninmu ba su taɓa jin sunansa ba.

To, tutar ta tashi a watan Nuwamban 1944, amma waɗanda suka sha ƙishirwar hamada ba su ga ranar ba, domin tun 1943, da aka zo kafa rundunar tankoki da za ta shiga Turai, aka tsame baƙaƙen fata daga cikinta. A watan Disamban 1944 kuma, a Thiaroye kusa da Dakar, aka buɗe wuta kan sojojin Afirka da suka dawo daga zaman fursuna a hannun Jamus, don kawai sun nemi a biya su haƙƙinsu. A 1959 aka daskarar da fanshon 'yan mazan jiyan ƙasashenmu, na Bafaranshe yana hawa nasu yana nan inda yake, ba a gama daidaita shi ba sai 2011, lokacin da yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya. Har gobe akwai runduna a sojan Faransa mai ɗauke da sunan Cadi. Sunan ƙasar ya rayu a tutarsu, na mutanen ne ya ɓata.

Ku mutanen Mora kuma kuna kwana a gindin wani tarihin. A kan dutsen nan naku wani hafsan Jamus, von Raben, ya ja daga tun Agustan 1914 bai miƙa wuya ba sai 18 ga Fabrairun 1916, shi ne sansanin Jamus na ƙarshe da ya faɗi a Kamaru, bayan Garwa ta faɗi a watan Yunin 1915. Waɗanda ke bisa dutsen yawancinsu 'yan Afirka ne, waɗanda ke ƙasa suna kewaye da su ma haka, kuma a rundunar Ingila da ta zo daga Najeriya Hausawa suna da yawa. A 2021 hukumar da ke kula da kaburburan sojojin Ingila da ƙasashen da ta mallaka ta amsa da bakinta cewa aƙalla mutum 116,000 da suka mutu mata a Yaƙin Duniya na Ɗaya, galibinsu 'yan Gabashin Afirka da Masar, ba a rubuta sunayensu ko'ina ba. Idan wanda ya ɗauke ka yaƙi bai rubuta sunanka ba, danginka ma ba su rubuta ba, to ka mutu sau biyu ke nan.

Ɗan Fotokol:
Ina neman afuwar manya, amma ni zuciyata ba ta kwanta da wannan shawara ba, kuma gara in faɗa a nan da in faɗa a bayan ido. Na farko, Malam, waɗannan kakanni da kake yabo Nasara suka yi wa yaƙi, kuma wasunsu su ne aka turo karɓar haraji da kamun mutane aikin tilas a ƙauyukanmu. Na biyu, ranar 4 ga Fabrairun 2015 ina cikin Fotokol lokacin da 'yan Boko Haram suka tsallako da asuba, suka bi gida gida, suka shiga har masallaci. Gomman mutanen da aka yanka a ranar ba su da kaki, ba a lulluɓe su da tuta ba, ba a busa musu bigila ba. Kawuna yana cikinsu. Wa zai buɗe musu littafi? Na uku, kuma wannan ne ya fi mini nauyin faɗa, ba kowane mai kaki ne ya kyautata mana ba. Ni da kaina an taɓa sauke ni daga babur a wani shinge, aka sa ni tsallen kwaɗo a rana gaban matata, ba don komai ba sai don garin da aka rubuta a katina. Akwai gidajen da aka kwashe 'ya'yansu ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Idan muka ce a yi taron girmama soja, ina tsoron kada mu taka ciwon waɗannan mutane.

Baban Sadiya, Kusiri:
Ƙanena, Allah ya jiƙan kawu, ya ba ku haƙuri. Ban ji haushin maganarka ba ko kaɗan, kuma abin da aka yi maka a shinge zalunci ne, ba ni da wani suna da zan ba shi. Sai dai ina roƙonka ka duba cewa wanda ya wulaƙanta ka daban, wanda nakiya ta tashi da shi yana hanyar kai ɗauki daban, ko da kakinsu iri ɗaya ne.

Tsohon Saja, Gaundare:
Na yi shekara 27 ina sanye da kaki kafin in ajiye, na yi Bakasi, na ƙare aikina a Arewa Mai Nisa, don haka bari in amsa wa ɗana na Fotokol da abin da idona ya gani. Ba zan rantse maka cewa duk wanda na yi aiki da shi mutumin kirki ba ne. Akwai azzalumai a cikinmu kamar yadda suke a kasuwa da fada, kuma wanda ya zalunci talaka da bindigar da aka ba shi don ya kare talakan, hisabinsa ya fi na ɓarawo nauyi. Amma ka san wane ne ke mutuwa a wannan yaƙi? Yaro ne ɗan shekara 22 ko 23, ɗan manomi ko ɗan mai facin taya, wanda ya shiga soja saboda babu wani aiki kuma ƙannensa na bukatar kuɗin makaranta. Shi ake ajiyewa a tsibiri cikin sauro da laka, ya kwana cikin rami da takalmi a ƙafa wata da watanni. Shi ne ya faɗi a Darak a watan Yunin 2019, inda aka rasa soja 17 har gwamnati ta ware ranar 21 ga watan don makoki. Shi ne ya faɗi a Sagme a Yulin 2021. A wancan gefen kogi kuma shi ne ya faɗi a Bohoma ranar 23 ga Maris 2020, inda Cadi ta rasa kusan soja 100 a yini guda, da Barkaram a Oktoban 2024 inda ta rasa wajen 40, kuma tun kafin nan shi ne ya faɗi a duwatsun Ifogas na ƙasar Mali a Fabrairun 2013, inda mutum 26 suka tafi a faɗa ɗaya, nesa da gida.

Kowa a nan ya san sunan Janar Jacob Kodji, wanda jirginsa mai saukar ungulu ya faɗi kusa da Bogo ranar 22 ga Janairun 2017, kuma ya cancanci a san shi. To amma a cikin 17 na Darak, wa zai kawo mini suna uku? Babban hafsa tarihi zai riƙe shi ko mun so ko mun ƙi. Ƙaramin soja ba shi da mai riƙe shi sai mu.

Akwai kuma abin da nake son a warware tun yanzu. Wanda ya ɗauke ni a kafaɗa ranar da aka harbe ni a ƙugu Kirista ne, ɗan Yagwa, ya yi tafiya da ni mai nisa yana ce mini in yi ta salati kada in yi barci. Bayan wata huɗu aka yi musu kwanton ɓauna, bai fita ba. Idan littafin nan na Musulmi ne kaɗai, ku gaya mini, don in san cewa ba zan iya sa hannu a ciki ba.

Alaramma, Marwa:
Bismillahir Rahmanir Rahim. Na karanta duk abin da aka rubuta, kuma zan yi magana gwargwadon abin da Allah ya sanar da ni. Riƙe sunayen waɗanda suka faɗi a yaƙi ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A Uhudu, shekara ta 3 bayan hijira, an rasa sahabbai kimanin 70, kuma malaman sira sun jera su ɗaya bayan ɗaya, kowa da sunan mahaifinsa da ƙabilarsa, shi ya sa har yau yaro a makarantar allo ya san Sayyidina Hamza, ya san Mus'abu ɗan Umairu wanda mayafinsa bai isa ya rufe shi ba, aka rufe kansa da shi aka sa ciyawa a ƙafafunsa. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kasance yana ziyartar kaburburansu yana yi musu addu'a. Saboda haka littafi ba shi da laifi.

Abu biyu zan ja hankali a kai. Na ɗaya, kada mu rubuta a gaban sunan kowa cewa shahidi ne a yanke, domin Imam Buhari ya ƙulla babi guda a kan cewa ba a yanke wa wani mutum wannan hukunci, Allah ne ya san wanda ya yi don shi. Muna kyautata zato, muna fata, muna roƙa musu. Na biyu, ware rana guda a kowace shekara don sauka abu ne da malamanmu suka saɓa a kai, kuma na san a zauren nan akwai mabiya kowane ɓangare. Ba na son aikin alheri ya zama sanadin jayayya, don haka a bar kowane masallaci ya yi addu'a yadda ya saba, mu kuma mu haɗu a kan abin da babu saɓani a cikinsa.

Abin da babu saɓani a cikinsa shi ne iyalan da aka bari. Da labarin rasuwar Ja'afaru ɗan Abu Ɗalib ya iso daga Mu'uta, Manzon Allah ya je gidansa ya rungumi 'ya'yansa, ya kuma umarci a dafa wa iyalinsa abinci domin abin da ya same su ya shagaltar da su. Da mahaifin Jabiru ya faɗi a Uhudu ya bar masa 'yan mata da bashi, Manzon Allah da kansa ya tsaya har aka biya masu bin bashin. Ya zo a hadisi ingantacce cewa ana gafarta wa shahidi komai ban da bashi. To wa ya taɓa zuwa gidan sojan da ya rasu ya tambaya ko ana binsa kuɗin haya ko na mai shago? A nan ya kamata mu fara.

Saja, game da abokinka, an taɓa wucewa da gawar Bayahude sai Manzon Allah ya miƙe tsaye, da aka gaya masa ko gawar wa ce ya nuna cewa ai rai ne. A rubuta sunan abokinka, a taimaki 'ya'yansa kamar na kowa, addu'a kuwa mutanensa su yi masa ta addininsu, mu mu yi wa namu ta namu. Alherin da ya yi maka bashi ne a wuyanmu duka.

Maman Abba, Mora:
Allah ya gafarta Malam, ka taɓo inda yake mini ciwo. Ban cika magana a nan ba, amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Maigidana ya rasu shekara shida ke nan, ya bar ni da yara huɗu, na ƙarshen yana ciki. Ranar jana'iza gidanmu ya cika har waje, manya sun zo da motoci, an ba ni ambulan, an ce mini ƙasa ba za ta manta da mu ba. Na shiga takaba wata huɗu da kwana goma bai ƙare mini ba sai da na haihu, kuma kafin in fita ƙafa ta ɗauke, sai maƙwabciyata mai ƙosai da ke turo mana koko kowace safiya.

Daga nan na shiga neman haƙƙinsa. An ce in kawo takardar aure ta hukuma, mu kuwa aurenmu a masallaci aka ɗaura shi da goro da shaidu, ba mu taɓa zuwa an rubuta ba. An ce in kawo takardar haihuwar kowane yaro, biyu ba su da ita. An ce sai an yi zaman dangi an kai kotu ta tabbatar da magada. Kowace takarda da kuɗinta, kowace tafiya da kuɗin mota, ga goyo a baya, ga ni ban iya Faransanci ba. A wani ofishi na yini a kan benci tun safe har la'asar, aka ce mini mai sa hannu ya yi tafiya, in dawo wani mako, na dawo sau biyar. Sai da na sayar da keken ɗinkina kafin takardun su kammala, kuma abin bai fara fitowa ba sai bayan shekara biyu da rabi. A tsakanin nan babban ɗana ya bar makaranta ya shiga turin baro a kasuwa.

Ban faɗi wannan don a tausaya mini ba, domin Allah ya rufa mana asiri yanzu. Na faɗa ne don ku san cewa idan za ku rubuta sunan mamaci, ku bar fili a gabansa ku rubuta 'ya'yansa nawa, wane aji suke, kuma takardunsa sun fita ko suna kwance. Mace irina ba ta fi bukatar buhun shinkafa ba a kan mutum ɗaya mai ilimin boko da zai raka ta ofis ya karanta mata abin da aka rubuta. Kuma ina roƙon matan sojojin da mazansu ke raye, ku matsa a je a rubuta aurenku a yi wa yara takardu tun yau, ba a fafe gora ranar tafiya.

Ɗalibi, Jami'ar Marwa:
Mama, maganarki ta sa na ji kunya, domin shari'a nake karantawa kuma ban taɓa tunanin karatuna zai yi wa wani amfani kafin in gama ba. Mu biyar ne 'yan zauren nan a tsangayarmu, na kuma tuntuɓe su. Mun ɗauki nauyin rubuta jerin takardun da ake nema cikin Hausa da Fulatanci, kuma duk wadda za ta je ofis a Marwa ko Mora ta sanar da mu, ɗayanmu zai raka ta ba tare da ta biya ko sisi ba.

Malamin Tarihi, Injamena:
Madalla da wannan. Ina da sauran magana ɗaya da ta shafi ɓangarenmu na Cadi, kuma tana da ƙaiƙayi. Yaƙinmu da Libiya a 1987, a Fada da Wadi Dum, babu mai gardama a kansa, ƙasa aka kare. Amma mutanen Kusiri sun fi kowa sanin cewa a 1979 da 1980, sannan a Fabrairun 2008, mu da kanmu muka juya wa juna bindiga a cikin Injamena, har jama'a suka tsallaka kogi suka cika muku makarantu da masallatai. A unguwa ɗaya za ka samu gidan da ɗansu ya mutu yana sojan gwamnati, da gidan da nasu ya mutu yana cikin 'yan tawaye, kuma wanda ake kira ɗan tawaye bana sau da yawa shi ne gwamnati baɗi. Idan muka ce za mu tantance wanda ya mutu a kan gaskiya a cikinsu, littafin zai yage kafin a cika shafin farko. Ni a ganina a rubuta suna da wuri da shekara kawai, kada a rubuta ɓangare. Game da kakanni kuma, ɗan'uwana na Fotokol, da yawansu ba da son ransu suka tafi ba, sarki aka ɗora wa adadin samarin da zai kawo, ya kawo. Rubuta sunan wanda aka ɗauka da ƙarfi ba yabon wanda ya ɗauke shi ba ne.

Ɗan Fotokol:
Na saurari Baba Saja da Alaramma da Maman Abba, kuma na sassauto, amma da sharaɗi. A cikin littafin a ware babi na 'yan banga, waɗanda suka tsare ƙauyukanmu da kwari da baka da adda da bindigar toka, waɗanda sau da yawa su ne ke tare mai ɗauke da bam a bakin kasuwa ya tashi da su. Ba su da albashi balle fansho, matansu ba su da ko ofishin da za su je su yi zaman benci. A kuma ware babi na farar hula da aka kashe, na Fotokol da Kolofata da Amcide da sauransu. Idan an yarda da wannan, ni zan bi gidajen garinmu da kaina. Batun waɗanda aka kwashe ba su dawo ba kuwa, ban janye shi ba, kuma zan sake tayar da shi a wannan zaure.

Baban Sadiya, Kusiri:
Ni na yarda, kuma ba na jin akwai wanda zai ƙi. Ka tayar da ɗaya batun duk ranar da ka shirya, za mu saurare ka. Maganar sauka ta shekara kuma na janye ta bisa shawarar Alaramma.

Hajiyar Garwa:
Akwai wata baiwar Allah a unguwarmu da ɗanta soja ne, aka kai wa sansaninsu hari a bakin tafki, ba a ga gawarsa ba, ba a kuma ji yana raye ba. Shekara huɗu ke nan ta ƙi karɓar gaisuwa, ɗakinsa na nan a share, duk wanda ya ce Allah ya jiƙansa sai ta tashi ta bar wurin. Alaramma, irin wannan a wane babi za a sa shi?

Alaramma, Marwa:
Hajiya, kada a sa shi cikin matattu, domin shari'a ma ba ta gaggawar yanke wa wanda ya ɓata hukuncin mutuwa, sai alƙali ya bincika an kuma jira. A buɗe shafi dabam na waɗanda ba a san halin da suke ciki ba, kuma ko a nan kada a rubuta shi sai an je an zauna da mahaifiyarsa ta yarda. Idan ta ƙi a ƙyale ta, amma in yana da mata da 'ya'ya a duba su kamar sauran, tun da yunwa ba ta jiran hukuncin alƙali.

Tsohon Saja, Gaundare:
Daren jiya ban runtsa ba, na zauna da fitila da biro ina lissafin waɗanda na yi aiki da su suka faɗi a gabana ko kusa da ni. Na samu mutum tara. Bakwai na san cikakken sunansu da garuruwansu, zan tura wa Baban Sadiya ta akwatin sirri. Biyun da suka rage, duk zaman da muka yi da laƙabin bariki muke kiransu, kuma sai jiya na gane cewa ban taɓa tambayar sunan da iyayensu suka raɗa musu ba, alhali ɗayansu ni na rufe masa ido. Akwai wani tsohon kofur namu da ke zaune a Kaele, shi ke riƙe da rajistar rukuninmu a lokacin. Na nemi lambarsa ban samu ba, don haka ranar Asabar in Allah ya kai mu zan hau mota in je in same shi. Ku bar mini layi biyu a shafin.